Amanar Jini: Tunanin Mai Karatu Daga Mayahi

A shekarar 2017 wata marubuciya Bayarabiya mai suna Ayobami Adebayo, wadda aka haifa a Ikko a 1988 ta kuma girma a Ilesha da Ile-Ife, ta fitar da littafinta na farko na hikaya da Ingilishi, mai suna Stay With Me, wanda bayan shekara biyu aka juya shi zuwa Faransanci, ta wannan hanya kuwa ya iso gare mu nan Mayahi, inda littafi guda yakan yi yawo daga hannun malamin lakwal zuwa hannun ma'aikacin gidan likita har bangonsa ya mutu. Ba ni da niyyar auna shi da ma'aunin masana adabi, ko da yake ya shiga cikin littattafai shida na ƙarshe a babbar gasar marubuta mata ta Ingila a shekarar da ya fito. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, labarin da ke ciki, duk da cewa a ƙasar Yarabawa aka kafa shi, tsakanin 1985 da 2008, ya taɓo wata mas'ala wadda ke zaune a gidajenmu tun daga Tasawa har Kanembakashe, ba mu kuwa cika son furta ta ba: idan ciwo ya shigo gida ta hanyar jini, wane ne ke da hakkin a gaya masa gaskiya, a wane lokaci, kuma da wane lafazi.

Tilas in buɗe sirrin labarin, domin maganar ba za ta yiwu ba sai da shi. Yejide mai gyaran gashi ce, mijinta Akin ma'aikacin banki, sun yi auren soyayya tun daga jami'a, suka shekara huɗu ba haihuwa, dangin miji suka ɗora laifin a kan matar kamar yadda aka saba, har suka kawo mata kishiya ba da saninta ba. Alhali kuwa larurar tana wajen mijin, wanda ba ya iya biyan hakkin shimfiɗa, ya kuma ɓoye wannan ga matarsa, wadda ta zo gidansa budurwa, ba ta da abin da za ta gwada halinsa da shi. Da matsi ya yi matsi, maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya shirya da ƙanensa Dotun a asirce ya nemi matar, aka sami ciki. Ta haifi Olamide, ta rasu tana jaririya. Ta haifi Sesan, aka gano yana da amosanin jini, ya sha jinya ya rasu. Ta haifi ta uku, Rotimi, ita ma da ciwon, sai zuciyar uwar ta ƙi sake kama abin da take ganin za a ƙwace mata, ta janye jikinta daga yarinyar, har cikin rikicin da ya biyo bayan soke zaɓen Nijeriya na 12 ga Yuni 1993 labari ya same ta cewa ciwon ya tashi, ta yanke a ranta cewa an gama, ta bar gidan ta tafi Jos.

Game da abin da Akin ya shirya babu wani dogon bahasi ga Musulmi: zina ce, gurɓata nasaba ce, cin amanar mace ne da na ɗan'uwa gaba ɗaya, marubuciyar ma ba ta ƙawata shi ba, ta bi diddiginsa ne har inda ya kai gidan ga rushewa. Amma tushen ɓarnar ya riga wannan, shi ne ɓoye aibi a lokacin ɗaurin aure, wanda malamanmu na Malikiyya suka yi wa babi tun da daɗewa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san cewa hauka da kuturta da albaras da ciwon al'aura aibobi ne da ke ba wanda aka yaudara zaɓi, ya kuma san cewa mijin da ya kasa kusantar iyalinsa ana yi masa jinkirin shekara guda ya nemi magani, in bai warke ba matar tana da ikon neman rabuwa. Hikimar wannan hukunci a fili take, watau shari'a ba ta yarda a gina aure a kan jahiltar da ɗaya daga cikin ma'aurata halin jikin ɗayan ba. Da Yejide ta sami wannan hakki a shekararta ta farko, da babu kishiya, babu Dotun, babu kaburbura biyu.

Shi kuwa ciwon da ya ɗauki yaran, wanda a Nijeriya ake ce masa sikila, a nan wajenmu wasu kan ce emasi, tsofaffi kuma su ce amosanin jini ko ciwon ƙashi, ya kamata a yi bayaninsa dalla-dalla, domin rabin wahalar da yake jawowa daga rashin fahimtarsa take. A cikin jinin ɗan'adam akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗauke da wani sinadari da ake kira himogulobin, wanda aikinsa shi ne kai iskar da muke shaƙa zuwa ga gaɓoɓi. Ƙwayar mai lafiya zagayayya ce mai laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, tana kuma rayuwa kimanin kwana 120. Ta mai sikila kuwa, idan iska ta yi mata ƙaranci saboda zazzaɓi ko ƙishirwa ko sanyi ko gajiya, sai ta lanƙwashe ta ɗauki siffar lauje, ta ƙage, ta toshe hanya, ba ta kuma wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa. Daga toshewar ne azabar ƙashi ke fitowa, irin wadda ke sa yaro ya kwana yana kuka a cikin hunturu. Daga saurin mutuwar ƙwayoyin ne ƙarancin jini da rawayar ido ke fitowa, wadda sau da yawa akan ɗauke ta shawara ce a yi ta banka wa yaro jiƙo. Alamar farko ga jariri galibi kumburin hannuwa da ƙafafu ce bayan ya kai wata shida. Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta siffar ƙwayoyin a 1910, amma kakanninmu sun san ciwon da sunayensa tun kafin a ƙera madubin da ya duba da shi.

Ba a ɗaukarsa ta abinci ko iska ko maita, gadonsa ake yi, kuma daga iyaye biyu. Kowane mutum yana karɓar rabo guda daga uwa, guda daga uba. Wanda ya karɓi lafiyayyu biyu shi ne AA, wanda ya karɓi lafiyayye guda da mai aibi guda shi ne AS, lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dambe, bai ma san yana ɗauke da kome ba, wanda kuwa ya karɓi masu aibi biyu shi ne SS, shi ke jinya. Wannan daban yake da rukunin jinin da ake dubawa wajen ƙarin jini, na A da B da O, mutane da yawa suna rikita su. Idan AS ya auri AS, misalin kowane ciki kamar a zuba goro huɗu ne a ƙwarya, ɗaya mai tsutsa, a rufe ido a ɗauki guda, sa'an nan a mayar da shi a girgiza kafin ciki na gaba. Saboda haka wani gida zai haifi takwas ba ko ɗaya da ya kamu, wani kuma uku a jere, kuskure ne babba a ce tunda an sami ɗaya sauran ukun sun tsira. A ƙasarmu ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da wannan rabo, dalilin yawansa kuwa wani likita mai suna Anthony Allison ya bayyana shi a 1954 daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka, cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa irinsa ya yawaita a ƙasashen sauro. Auren zumunci, wanda muke yi da yawa a nan, yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da shi, gaskiya ne. Amma a inda yawansu ya kai haka, ko bare da bare suka haɗu haɗarin yana nan, bai kamata a ɗora wa zumunci laifin duka ba.

Inda littafin ya fi sosa mini rai shi ne inda uwar miji ta yanke hukuncin cewa yaran nan abiku ne, watau abin da mu muke kira wabi, ɗa guda mai zuwa yana komawa don ya wahalar da uwarsa, har ta nemi a yi wa gawar Sesan shaida domin a gane shi in ya dawo. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan tunani, ya san sunayen da akan raɗa wa irin waɗannan yara, su Ajuji da Ayashe da Barmani, don a nuna an yi watsi da su ko a roƙa a bar su. Ba kowane wabi ne sikila ba, domin zazzaɓi da ƙyanda da tamowa da gudawa suna kwasar nasu rabon. Sai dai binciken da aka yi a ƙasar Ibo a kan yaran da ake yi wa irin wannan zato, aka buga a 2001, ya sami mafi yawansu da ciwon a jininsu. Abin lura shi ne kalmar a kan mace take sauka. Ita ake ce wa mai wabi, ita ake kai wa wajen boka, ita ake yi wa kishiya ko a sake ta, alhali rabin abin da ya kashe ɗan daga uban ya fito, ba kuwa wanda ya taɓa jin an kira namiji da wannan suna. Wannan zalunci ne, ko da masu yinsa ba da nufi suke yi ba, ilmin gado kuwa ya zo ya wanke matan da aka daɗe ana tuhuma ba su da mai tsaya musu.

Akwai wuri guda a littafin da ya kamata kowane ɗalibin aikin likita a Maraɗi da Damagaram da Yamai ya karanta a tsanake. Bayan an gano ciwon Sesan, an auna jinin iyaye, sai likita ya keɓe da mijin shi kaɗai ya shaida masa cewa jininsa AA ne, don haka yaron ba zai yiwu ya zama nasa ba. A cikin hikayar maganar ta dace da gaskiya, mijin ma ya riga ya sani, fushin ƙarya kawai ya yi. Amma likitan bai san haka ba lokacin da ya buɗe baki, da wannan ma'auni kuwa ya kamata a auna aikinsa: ya ɗauki takardar awo guda ya yanke wa mace hukuncin zina a bayan idonta, ya danƙa hukuncin a hannun wanda ke da ikon sakinta ko dukanta, ba tare da an tambaye shi ba, ba tare da kuma maganar ta ƙara wa yaron da ke kwance kome ba. An kawo masa yaro ne ya yi masa magani, ba a kawo masa shari'ar nasaba ba.

Ta fuskar ilmin kansa ma, abin da likitan ya ɗauka yaƙini zato ne mai ƙarfi kawai. Awo yana kuskure: akan rikita kwalabe, akan rubuta sunan wani a takardar wani, na'ura takan tsufa, wanda kuma aka ƙara wa jini kwanan nan sakamakonsa yakan rikice. Awon da ake kira na Emmel, wanda ya fi samuwa a ƙananan gidajen likita, yana nuna akwai lauje a jini ne kawai, ba ya rarrabe AS da SS. Bayan wannan akwai wani aibin gado dabam mai suna talasemiya, wanda mai ɗauke da shi kan fito kamar AA a awo na gama-gari, amma idan rabonsa ya haɗu da na uwa mai AS sai ɗan ya fito da ciwo wanda a takarda yake kama da SS. Ga shi ɗan halal ne, ga takarda tana ƙaryata shi. Shari'a kuwa ta yi taka-tsantsan a nan fiye da kowa, domin ƙa'idarta ita ce ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne, ba a kore shi sai ta hanyar li'ani a gaban alƙali, jifar mace da zina ba hujja kuma ƙazafi ne mai haddi. Har ma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta yi fatawar cewa awon ƙwayoyin gado, wanda ya fi wannan inganci nesa ba kusa ba, ba a gabatar da shi a kan li'ani wajen kore nasaba.

To, me ya kamata likitan ya yi? Ƙarya ba ta halatta gare shi ba, ban kuma ce ya yi ta ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunai a 1993, ta tabbatar da cewa sirrin majiyyaci amana ce a wuyan mai magani, ba a fallasa shi sai inda ɓoyewar za ta jawo ɓarnar da ta fi ta fallasawa, kuma gwargwadon larura. Larurar da ke gaban likitan nan biyu ce: yadda za a kula da Sesan, da haɗarin da ke kan cikin da zai biyo baya. A ganina ya kamata ya fara da sake awon, sa'an nan ya keɓe da uwar, wadda sirrin nata ne kafin ya zama na kowa, ya gaya mata abin da takarda ta nuna da abin da ba ta nuna ba, ya bar mata ragamar abin da ya shafi aurenta. Idan mijin da kansa ya zo ya tambayi nau'in jininsa, a gaya masa nasa, domin hakkinsa ne, a kuma gaya masa iyakar abin da awo ke iya tabbatarwa. Na san akwai masu ganin cewa miji shi ne shugaban gida, shi ke biyan kuɗin magani, bai dace a ɓoye masa kome ba, maganarsu kuwa tana da nauyi. Amma shugabanci bai ba shi mallakar sirrin jikin matarsa ba, kamar yadda Akin da kansa ya riƙe sirrin nasa jikin shekara da shekaru ba likitan da ya je ya tona shi.

Wannan ya kawo ni ga wata al'ada tamu da na sha gani a bakin ɗakin awo, ba kuwa a wuri ɗaya ba. Uwa ta goyo yaro daga ƙauye a kan amalanke tun da asuba, ita ta san daren da ya fara kuka, ita ta san abin da ya ci da abin da ya amayar, amma idan sakamako ya fito sai a leƙo a ce, “Ina maigidan? Malam, shigo,” ita kuma a ce, “Baiwar Allah, jira a waje.” In ya fito ta ce, “Malam, me suka ce?” sai ya ce, “Sun ce sanyi ne, sai addu'a,” wataƙila don tausayinta, wataƙila don shi ma bai gane ba kuma kunya ta hana shi sake tambayar majo. Ta haka wadda za ta riƙa ba da magani kullum, wadda za ta fara jin zafin jikin yaro cikin dare, ita ce ba ta san sunan ciwon ba. Ma'aikatanmu suna aiki cikin ƙunci, mutum ɗaya da layin marasa lafiya har bakin ƙofa, ban raina wahalarsu ba. Amma kiran uwa ta shigo tare da uba, a yi musu bayani da Hausar da ake yi a kasuwa, a ce ta maimaita abin da ta ji, ba ya bukatar kuɗi ko na'ura.

Sauran magana ita ce ta awo kafin aure, wadda yanzu take ta ƙara ƙarfi. Sa'udiyya ta wajabta shi tun 2004, amma ta bar wa masu neman auren zaɓi bayan an yi musu nasiha; jihar Kano kuma, a watan Mayu na 2024, gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta hana ɗaura aure sai da takardar awon jini, wadda ta haɗa da nau'in gado da ciwon hanta da ƙanjamau. Masu cewa wannan shisshigi ne cikin ƙaddara, amsarsu tana cikin ƙissar Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, lokacin da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annobar Amwas, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take; riƙon sababi bai taɓa warware tawakkali ba. Ni ina tare da awon, amma ina da sharaɗi a kan lokacinsa. Awon da aka yi bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an sayi gado da kwanoni, dangi sun taso daga Tasawa da Agye, wannan ba zaɓi yake bayarwa ba, tashin hankali yake kawowa, shi ne kuma ke tura mutane ga neman takardar jabu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar wankan nan kuwa ita ce kafin manya su shiga maganar, mafi kyau ma tun yaro yana lakwal ko makarantar allo ya san nau'in jininsa yadda ya san sunan kakansa.

Ina kuma jin tsoron abin da doka za ta haifar idan ta riga ilmi isowa. A garin da kowa ya san kowa, idan aka fasa aure saboda awo, ba a cewa jininsu bai dace ba, cewa ake yarinyar nan tana da ciwo, sai manema su watse, alhali mai AS lafiyayya ce, in ta auri AA ba za ta haifi mai SS ba ko ɗaya. Wabin da aka kora ta ƙofa sai ya dawo da takardar likita a hannu, ya sake sauka a kan mace. Sa'an nan yarda da mai allura ba abu ne da ake umurtawa ba. Mutanen ƙasar Hausa ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kimanin 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda zai ɗebi jinin talaka bayan wannan, wajibi ne ya gaya masa me za a duba, wa zai ga sakamakon, da kuma cewa ba za a karanta shi a zauren ɗaurin aure ba.

Amma littafin bai ƙare a kan mutuwa ba. Bayan shekara 15 Yejide ta komo jana'izar surukinta, sai ta tarar da Rotimi a raye, budurwa, uban da ya yi duk waccan ɓarna shi ya zauna ya yi jinyarta har ta girma. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin uwar ba ƙiyayya ce ta kore ta ba, yanke ƙauna ne, yanke ƙaunar kuwa koya mata shi aka yi, tsakanin masu cewa abiku da masu cewa ba magani. Gaskiya ne an ƙiyasta cewa a ƙasashenmu, inda ba kulawa, rabi ko fiye na masu SS ba sa kai shekara biyar. Gaskiya ne kuma a Ingila da Amurka fiye da 90 cikin 100 suna kai girma, abin da ya raba su kuwa galibinsa ba mai tsada ba ne. Tun 1986 aka tabbatar cewa ba jariri fenisilin kullum har ya kai shekara biyar yana kare shi daga cututtukan da ke kashe su farat ɗaya, saboda saifarsu tana lalacewa da wuri. Sai allurar rigakafi cikakkiya, da gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓi na damina, da folik asid, da yawan shan ruwa a bazara, da rufe jiki a hunturu, da koya wa uwa taɓa cikin yaro ta ji ko saifa ta kumbura, da sanin cewa zazzaɓi ga mai sikila ba a kwana da shi a gida. Ƙaho da tsaga kuwa, da wanzamai ke yi da kyakkyawar niyya, jini suke ragewa ga wanda jininsa bai ishe shi ba.

Akwai kuma maganin haidroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi ga wannan ciwo a 1998, wani babban bincike da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, aka buga a 2019, ya nuna yana rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa ga yaran Afirka. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da abokan aikinsu na Amurka sun nuna cewa ana iya gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ta auna gudun jini a kansu, a kuma rage haɗarin da wannan magani. Dashen ɓargo yana warkarwa ɗungurungum, an fara yinsa a Nijeriya a asibitin jami'ar Benin a 2011, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowa, balle sabon maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda farashinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum guda. Waɗannan labari ne a gare mu tukuna.

Abin da ke hannunmu shi ne ganewa da wuri. Cibiyar ƙasa ta kula da wannan ciwo, wadda aka buɗe a Yamai a 2010 da taimakon masarautar Monako, tana da nisan fiye da kilomita 700 daga Mayahi, manomin Isawan ko Gidan Amumun ba zai kai ɗansa can duk wata ba. Kulawar kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, wadda aka kafa tun 2006, tana amfani ne ga ciwon da aka san sunansa. Yanzu kuwa akwai ƴan sandunan awo da ke aiki da ɗigon jini guda daga diddigen jariri, ba lantarki ba firji, su rarrabe AA da AS da SS cikin mintoci kaɗan, a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba ko kusa. Uwaye sun riga sun saba kawo jarirai allurar rigakafi a sati na shida. Da za a haɗa awon da wannan rana a kowane gidan likita na Mayahi da Tasawa, a rubuta sakamakon a katin yaro, a yi wa uwa da uba bayani tare a ɗaki mai ƙofa, da mai SS ya fara fenisilin kafin hannuwansa su fara kumburi, mai AS kuma ya girma da sanin nau'in jininsa shekaru da yawa kafin a kai masa goron neman aure.